Inda Raɓa Ba Ta Bushewa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da iyakokin ƙauyenmu na Aik Menduk, a gabashin tsibirin Belitung, kuma a cikin waɗannan shekaru sau ɗaya tak na warware hukuncin da na yanke da bakina. Tun da jama'a suna ba da labarin ta fuskoki dabam-dabam, wasu har da ƙarin gishiri, na ga ya dace in rubuta shi yadda ya faru.

Iyakokinmu ba a takarda suke ba. Kowane fili yana da jimlarsa, wadda magabata suka rantse a kanta gaban shaidu, mai riƙe da iyaka kuma ya haddace ta, ya miƙa wa magajinsa ba tare da ya ƙara harafi ko ya rage ba. Ni daga bakin Kik Rebuin na karɓa (Kik laƙabin dattijo ne a wurinmu), shi daga bakin Kik Seman, shi kuma daga mutanen da suka sari dajin farko. Idan rigima ta tashi, ana tara dattawa bayan sallar asuba, a taka iyakar da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Mai iyaka ya karanta jimlar, ya nuna wurin da sandarsa, magana ta ƙare. Haka muka tarar, haka muka ci gaba da yi.

Jimlar da ta jawo wannan magana ita ce ta filin gidan su Derahim, kuma ga yadda take: "Daga tsagaggen dutse, a bi faɗuwar rana, har inda raɓa ba ta bushewa."

Wanda ya tashi daga tsagaggen dutse ya nufi yamma, zai fara taka tudun farin yashi. Bayan tudun sai fadama mai ruwa baƙi kamar shayin da ya daɗe a buta, inda purun ke tsirowa, wato ciyawar da matanmu ke saƙa tabarma da ita. Bayan fadamar sai kurmi mai duhun inuwa. A zamanin Kik Rebuin ba a taɓa jayayya kan wannan fili ba, saboda haka kalmomin ya ba ni, bai kai ni wurin ba.

A shekarata ta shida da karɓar sanda, mahaifin Derahim ya yi jayayya da wani maƙwabcinsa, marigayi Maharan, kan zumar da ƙudan zuma suka tara a reshen wata bishiya a bakin kurmin. Na tara dattawa da sassafe, muka tashi daga dutsen, muka ratsa tudu, muka zaga fadama, muka shiga ƙarƙashin itatuwa. Ganye yana ɗiga a kan hulunanmu, ƙasa jiƙe sharkaf. Na ce nan ne inda raɓa ba ta bushewa, domin rana ba ta ratsa inuwar. Mahaifin Derahim ya sha zumarsa. Da wannan hukunci fadama ta faɗa cikin filinsu, amma ba wanda ya damu, don mutumin bai taɓa sa mata fatanya ba, mata kuma suka ci gaba da yankan purun yadda suka saba.

Shekara goma sha tara bayan haka aka sallami ma'aikata da yawa daga ramukan kuza, Derahim yana cikinsu. Ya dawo gida da matarsa da 'ya'ya huɗu, mahaifinsa ya riga ya rasu. Mutum ne mai ladabi da ƙwazo, ban taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. Ya yi niyyar shuka masoro, ya ga tudun bai ishe shi ba, sai ya ƙudura haƙa magudana ya janye ruwan fadamar zuwa rafi, ya mayar da ita gona. Kafin ya sa hannu ya zo ya tambaye ni, kamar yadda ɗan mutunci ke yi. Na karanta masa jimlar, na tuna masa hukuncin zuma, na ce fadama taku ce.

Kwana biyu bayan nan ina zaune a barandar gidana ina shan kofi, Mak Sunah, wato Inna Sunah, ta hau matakala ba tare da ta jira an yi mata iso ba. Sa'ata ce, tare muka yi karatun allo, kuma tun a lokacin ba ta da tsoron kowa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna can wani tsibiri, tabarmar da take saƙawa ita ce cinta da shanta. Shekara hamsin tana yankan purun a wannan fadama. Fadama ta gaba tafiyar rabin yini ce, ƙafafunta kuma sun wuce irin wannan tafiya.

Ta ce, "Jemain, an ce ka ba da ruwana."

Na ce, "A wannan baranda ana ce mini Kik Jemain."

"Kik ɗin da na gani Malam yana zane shi kan ya kasa Tabbat yada? To, Kik Jemain, an ce ka ba da ruwana."

"Ban ba da kome ba, Sunah. Magabata suka bayar, ni baki ne kawai."

"Bakin ya karanta mini in ji."

Na karanta mata jimlar. Ta saurara da kai a sunkuye, ta sa na maimaita. Sannan ta ɗago ta tambaye ni ina na ce raɓar take. Na ce a bakin kurmi, kamar yadda aka yanke a shari'ar zuma, gaban dattawa biyar.

"Da wane lokaci kuka je?"

"Da lokacin da ake zuwa. Bayan asuba."

Ta yi dariya har ta dafa ginshiƙi. "Maza shida kun fita neman inda raɓa ba ta bushewa, kuka fita da asuba. Da asuba ai har gemunka yana da raɓa. A sake takawa, amma da azahar."

Na gaya mata ba a taɓa taka iyaka da azahar ba. Ta ce ita ba ta zo koya mini aikina ba, amma ranar da aka sa fatanya a fadamar nan za ta kawo allurar saƙarta ta ajiye mini a baranda, in san yadda zan ciyar da ita. Ta sauka, ta bar kofin da aka zuba mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Ban yi fushi ba, ko da yake an ce na yi. Abin da ya dame ni shi ne maganarta tana da kan gado, kuma ba na son canza al'ada don mutum ɗaya ya ɗaga murya. Na yi kwana uku ina bin shari'o'in da aka ba ni labari ɗaya bayan ɗaya, har na tuna cewa Kik Seman ya taɓa ɗage takun wata iyaka ta bakin teku zuwa la'asar, saboda dutsen da jimlar ta ambata ba ya fitowa sai ruwa ya janye. Ke nan idan alamar da magabata suka ambata tana da lokacin bayyanarta, lokacin ake bi. Da na sami wannan madogara sai na aika wa Derahim.

Ya zo ya zauna a matakalar ƙasa. Da ya ji za a sake takun da azahar, ya kira ni Pak, wato baba, ya ce, "Pak, na riga na yi magana da mutum uku da za su taya ni haƙa."

Na ce, "Su jira kwana ɗaya. Idan fadama taka ce da safe, taka ce da rana."

Ya ce ya yarda.

Ranar Talata, bayan sallar azahar, muka haɗu a tsagaggen dutse: ni, da Lebai Sahak limaminmu, da dattawa biyu, da Derahim, da Mak Sunah. Ita ce mace ta farko da ta taɓa bin takun iyaka a ƙauyenmu. Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gunaguni a kan haka, ta ce masa in yana jin kunya ya rufe ido, za ta riƙe masa hannu. Wata na biyu ke nan ba a yi ruwan kirki ba, yashi yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Na karanta jimlar, muka kama hanya. Mak Sunah ta nemi mu fara zuwa kurmi tukuna, mu ga raɓata, in ji ta. Muka zaga fadama muka shiga inuwa. Busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafunmu. Na shafa ganyen da ke kusa da ni, na shafa wani, na tura sandata cikin ciyawa na zaro ta. Babu ko laima.

Derahim ya ce, "Rani ne, Pak. Da damina wurin nan ba ya bushewa."

Mak Sunah ta ce, "Kakanninka sun ce 'ba ta bushewa sai da rani'? Kik, akwai wannan a jimlar?"

Na ce babu.

Ta juya, muka bi ta. Ta mayar da mu gefen gabas, daidai inda tudun yashi ke gangarowa ya taɓa fadama, wurin da muka wuce ɗazu ba wanda ya dubi ƙasa. A nan yashin yana da danshi, fari da ratsin baƙi, ba ya fid da kome sai 'yar ciyawa jefi-jefi. Ta tsaya ta ce mu durƙusa.

Na ce, "Mai iyaka a tsaye yake nuni."

"Shi ya sa shekara goma sha tara kana nuna inda ba nan ba. Durƙusa, gwiwar ba ta gwamnati ba ce."

Lebai Sahak ne ya fara sauka, sannan na dogara da sandata na bi shi.

Abin da na gani bai fi maɓallin riga faɗi ba. Wani ɗan tsiro ne ja, manne da yashi, ganyayensa a jere suna zagaye juna kamar an tsara su da hannu. Kowane ganye yana da gashi siriri, kowane gashi kuma yana ɗauke da ɗigon ruwa guda a kansa, mai tsabta, yana walƙiya. Rana tana tsakiyar sama, zufa tana zuba daga goshina, dutse ma ya yi zafin da ba a iya dafa shi, amma waɗannan ɗigo ko ɗaya bai ƙafe ba. Da idona ya saba, sai na ga ba ɗaya ba ne. Ɗaruruwa ne, sun bi bakin danshin sun yi layi daga kudu zuwa arewa, iyakar ganina, kamar jan zaren da aka yi wa tabarma baki da shi.

Shekaruna sittin da bakwai a lokacin, a wannan ƙasa aka haife ni, kuma ban taɓa ganinsa ba.

Derahim ya sa yatsa ya taɓa, da ya ɗago sai ɗigon ya biyo yatsan ya yi zare. Ya ce, "Wannan ai danƙo ne, Mak, ba raɓa ba."

Ta ce, "Kai ma yanzu ka sani, da ka taɓa. Ita waccan ba ta sani ba tukuna."

Ta nuna wata 'yar tururuwa da ke tafe a kan yashi. Muka zuba ido, dattawa huɗu a durƙushe kamar masu jiran a raba musu wani abu. Tururuwar ta hau gefen ganye, ƙafarta ta kama. Ta ja, wata ƙafar ta kama. Sai dogayen gashin bakin ganyen suka lanƙwaso, ina kallo da idona, suka ɗauke ta suka kai ta tsakiya, sauran gashin suka sunkuyo a kanta a hankali. Lebai Sahak ya yi tasbihi a ƙasan maƙoshi. A kan ganyen da ke gefe akwai busassun fukafukan sauro, ragowar abincin jiya.

Mak Sunah ta ce, "Yashin nan ba shi da abin da zai ba 'yar ciyawar nan, ko rogo ba ya yi a nan. Ba ta yi ƙaura ba, ba ta roƙi kowa ba, ta zauna inda take ta koyi farauta. In ka kai ta ƙasa mai taki, mutuwa take yi, na gwada a gwangwani. Kuma ba ta hawa tudu, ba ta shiga zurfi. Nan bakin ruwa kawai."

Na daɗe ina kallon layin nan. Na yi tunanin mutanen da suka tsara jimlar. Sun san inuwa tana tafiya idan aka sare itace, sun san damina da rani ba ɗaya ba ne. Suka nemi alamar da ba ta tashi daga bakin fadama, suka same ta a ƙasa, ƙarama, suka faɗe ta da kalmomi huɗu waɗanda ba ƙari a cikinsu ba ragi. Kuskuren ba nasu ba ne.

Na tambayi Mak Sunah sunan tsiron. Ta ce, "Ka faɗe shi yau ɗin nan da bakinka. Raɓa-ba-ta-bushewa. Haka kakata ke kiranta, haka duk mai yankan purun ke kiranta."

"Me ya hana ki faɗa a shari'ar zuma?"

"Wa ya tambaye ni? Zuma kuke rabo. Kuma ka taɓa karanta jimlolin nan inda mace za ta ji?"

Na miƙe da ƙyar, na kakkaɓe gwiwoyina. Zuciyata ta riga ta gamsu, amma gamsuwar mai iyaka ba hukunci ba ce. Ƙa'idar da na gada ita ce, ba a karɓar sunan wuri ko na alama daga bakin mai ƙara shi kaɗai, sai an sami shaida na biyu wanda ba shi da riba a ciki, kuma a wurin takun, kafin a watse. Idan ba a samu ba, tsohon hukunci ne ke tsayawa. Na faɗi haka a fili. Na tambayi Lebai Sahak ko ya taɓa jin sunan, ya ce tsakaninsa da Allah bai taɓa ji ba. Na tambayi dattawan biyu, suka girgiza kai.

Mak Sunah ta ce a bar ta ta je ta kira mata goma. Na ce ƙa'ida ta ce kafin a watse, kuma wanda ya bar wurin ya watse. Ban ji daɗin faɗin haka ba. Na ɗaga sanda zan juya wajen kurmi in tabbatar da tsohon hukunci.

Derahim yana durƙushe har lokacin, yana murza danƙon tsakanin yatsunsa. Bai ɗago ba ya ce, "Pak, shaidar wanda zai yi asara tana karɓuwa?"

Na ce ita ce mafi ƙarfi.

Ya ce, "Mahaifiyata tana yankan purun a nan. Ina ƙarami takan zaunar da ni a kan tudun can ta ce kada in gangaro in taka mata raɓa-ba-ta-bushewa. Na ɗauka wasa take yi mini. Sai da Mak ta faɗa yanzu na ji muryarta." Ya share yatsansa a wando. "Da ban tuna ba da ya fi mini sauƙi."

Sannan na tsaya a bakin layin, na cire hulata, abin da mai iyaka ba ya yi, na ce hukuncin da na yanke shekara goma sha tara da suka wuce kuskure ne, kuma nawa ne ni kaɗai, ba na dattawan da suka raka ni ba. Filin gidan su Derahim ya ƙare a nan. Fadama ta gari ce, kamar kowace ƙasa da ba ta da jimla. Game da zumar Maharan, na ce ni zan je wurin 'ya'yansa in nemi gafara, kuma na je.

Derahim ya yi 'yar dariya marar daɗi ya ce, "To Pak, tun da iyakar tawa tsiro ce, in na haƙa magudana a cikin filina ruwa ya ja baya, ita ma za ta bi shi. Kowace shekara gonata ta ƙaru da taku biyu."

Mak Sunah ta ce, "Ji ɗan kuza. Yanzu ya gama zama mutumin kirki."

"Tambaya na yi, Mak. Gara ni in yi ta yau da jikana ya yi ta ba ya tambaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na bincika abin da na haddace kaf ban sami shari'ar da ta yi kama da wannan ba. Saboda haka na yanke sabo, na kuma faɗa musu cewa sabo ne: za a kafa turaku na itace mai tauri a bin layin yadda yake a wannan rana, kuma ba za a haƙa magudana ba tsakanin turakun da taku arba'in zuwa tudu. Lebai Sahak ya shaida, dattawa suka shaida. Wannan ya ƙara rage wa Derahim abin da zai shuka. Masoron da ya samu daga baya bai kai rabin abin da ya yi buri ba, har ya haɗa da fita kamun kifi kafin gidansa ya daidaita. Ban ɓoye wannan ba, domin yana cikin labarin.

Shi da kansa ya koma gida ya ɗauko gatari da turaku a yammacin nan. Ya saita na farko a bakin danshi, ya ɗaga gatari zai buga da ƙeyarsa, Mak Sunah ta riƙe masa hannu.

Ta ce, "Matsa da shi taƙi ɗaya. Akwai ƙanana uku a nan, ba su yi ja ba tukuna."

Ya sunkuya ya duba, ya matsar da turken zuwa cikin filinsa, ya buga. Ita kuma ta ɗaure zanenta a gwiwa, ta zaro lauje daga kwandonta, ta tsallake layin a hankali ta shiga ruwa.